Dallol Mawri: giginya na tsufa, ina magadanta?

A Junju, garin da takardun hukuma ke rubutawa Dioundiou, da sauran garuruwan Dallol Mawri har zuwa bakin kogin Isa a Gaya, giginya ce itaciyar da ido ke fara gani. Da azararta aka rufe ɗakunan kakanni, da ganyenta ake saƙa tabarmi da mafici, kuma da kuɗin murucinta mata da yawa ke yin cefane su sayi kayan makarantar yara. Sai dai wanda ya tsaya a gindin dogayen giginyun nan ya dubi ƙasa, a gonaki da dama ba zai ga ƙananan da za su gaje su ba. Daga nesa daji yana nan kore shar, amma dajin da babu yara a cikinsa ya kama hanyar ƙarewa, ko da kuwa ba a sa masa gatari ba.

Wannan bayani ya duba yadda giginya ke rayuwa, abin da ke hana ta haihuwa, yadda dokokin ƙasa suka sauya a kan mallakar itace, da kuma abin da mai gona, mai garka ko mai tsakar gida zai iya yi da itatuwanmu na gida tun daga wannan damina.

Kwarin da ba shi da na biyu a Nijar

Dallol kalma ce ta Fulatanci mai nufin kwari. Dallol Mawri tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun shekaru dubbai, ya taso daga arewa, ya ratsa ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ya biyo ta Junju, ya haɗu da Dallol Foga, sannan ya faɗa kogin Isa a gabas da Gaya. Ruwan saman ya ƙafe amma na ƙasa yana nan kusa, shi ya sa a cikin fadama ake haƙa rijiya a tarar da ruwa ba tare da an yi zurfi ba, kuma shi ya sa rake, rogo, dankali da shinkafa ke yi a yankin. Ga kuma ruwan sama: Gaya na samun kusan milimita 800 a shekara, alhali Yamai ba ta cika kaiwa 600 ba. Babu wani sashe na Nijar da ya fi wannan samun ruwa.

Saboda haka ne ake samun itatuwan da sauran jahohi suka rasa ko suke da su jefi-jefi: kaɗanya, ɗorawa, taura, ɗinya, kanya, gawasa, maɗaci da marke. A kan gaba kuma akwai giginya, wadda dazuzzukanta a Dallol Mawri da gaɓar kogi suka kai wajen hekta dubu 30, mafi girma a ƙasar baki ɗaya.

Duniya ma ta san da wurin. A ranar 26 ga Afrilun 2004 aka sanya Dallol Mawri, mai faɗin fiye da hekta dubu 300, cikin jerin wurare masu dausayi da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka rattaba wa hannu a ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1987. Wannan rajista ba ta hana noma ko kiwo ba. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za a ci amfanin wurin ba tare da an kashe shi ba. Tun 2011 Junju ta zama gunduma mai zaman kanta bayan an cire ta daga Gaya, da ƙananan hukumomi uku: Junju, Karakara da Zabori. Ma'ana, wani ɓangare na wannan alkawari yanzu yana wuyan hukumomin da ke kusa da jama'a.

Itaciya mai tafiyar hawainiya

Wanda bai san yadda giginya ke girma ba, ba zai gane dalilin da ya sa asararta ke da wuyar mayarwa ba. Da farko, giginya jinsi biyu ce: akwai namiji mai fure kawai, akwai mace mai ƴaƴa. Ba a iya bambanta su sai ranar da suka fara fure, kuma wannan rana ba ta zuwa sai itaciyar ta haura shekara 15, wani lokaci har 25 ko fiye.

Kowane ɗan giginya yakan ƙunshi ƙwallo har uku. Idan ƙwallon ya sami danshi, ba ya tsirowa sama kai tsaye kamar gero. Yakan tura wani tsiro ya nutse cikin ƙasa kusan kamu guda, ya tara abinci a can, sannan daga baya ganyen farko ya ɓullo. Wannan tsiro mai cike da abinci shi ne muruci. Bayan haka sai giginya ta shafe shekara shida zuwa takwas tana ganye a ƙasa babu gangar jiki, tana kafa gindi. A wannan lokaci ne ta fi rauni: saniya ta ci ganyenta, garma ta tumɓuke ta, gobarar daji ta babbake ta, mai neman ganyen saƙa ya yanke ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Idan ta tsallake, sai ta miƙe sama har ta wuce mita 20, ta yi wannan kumburi a tsakiyar jiki da ake gane tsohuwar giginya da shi.

Irin wannan tsiro ne ya sa ba a cika renon giginya a leda a dasa ta kamar mangwaro ba. Idan aka taɓa saiwarta sau da yawa mutuwa take yi. Inda ake son ta tsaya, nan ake binne ƙwallonta. A da, giwaye na cikin masu yi mata wannan aiki, suna cin ƴaƴan su kai ƙwallon nesa. Yau babu giwa a Dallol, aikin ya koma hannun mutum.

Hausawa na yi mata kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, don ganyenta na can sama, inuwar kuma can take faɗawa. Ga manomi wannan alheri ne, saboda gero, dawa, gyaɗa da shinkafa na yi a ƙarƙashinta ba tare da ta tare musu rana ba. Giginya da gona ba abokan gaba ba ne.

Inda asarar ke fitowa

Hanya ta farko ita ce muruci. Mata da yara kan tsince ƴaƴan da suka faɗo, a binne ƙwallayen a jere cikin ƙasa mai laushi, bayan wata shida zuwa takwas a tone, a dafa, a kai kasuwa. Daga yankin Gaya muruci na tafiya Doso da Yamai, yana kuma ƙetarawa Kamba da sauran kasuwannin jihar Kebbi a Najeriya. Sana'a ce ta halal wadda ke rufa wa gidaje asiri a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kowane murucin da aka ci, giginya guda ce da ba za ta tsaya ba. Idan aka kwashe duk abin da ya faɗo shekara bayan shekara, to uwar za ta tsufa ta faɗi babu magaji.

Hanya ta biyu ita ce azara. Itacen giginya gara ba ta cinsa da sauƙi, yana kuma ɗaukar nauyin rufin ƙasa shekaru masu yawa, shi ya sa magina ke nemansa har a manyan birane. Masu sara sun fi son namiji saboda jikinsa ya fi tauri. Wasu na ganin sare namiji ba asara ba ce tunda ba ya ƴaƴa, alhali idan maza suka ƙare a wuri, mata ba sa samun barbarar da za ta sa su haihu.

Sauran hanyoyin sanannu ne: faɗaɗa gonakin rake da na shinkafa a fadama, yankan ɗanyen ganye fiye da kima, gobara, da bisashen da ake saki bayan girbi. A Dallol Foga kuma dafa gishiri na cin itacen wuta mai yawa, lamarin da ya daɗe yana matsa wa dazuzzukan kewaye. Babu ɗaya daga cikin masu waɗannan ayyuka da ya tashi da niyyar kashe daji. Kowa abincinsa yake nema, amma jimillar ita ce ke cinye jarin kowa.

Itacen wane ne?

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan fanni ita ce ta mallaka. Dokar gandun daji ta ranar 4 ga Yulin 1935, wadda Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ta mallaka, ta ɗora iko da daji a hannun hukuma. A ƙarƙashinta ne aka keɓe dajin Gorou Bassounga na kusa da Gaya a 1937. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu, da jerin itatuwan da aka hana sarewa, ciki har da giginya, gawo, kaɗanya da ɗorawa.

Niyyar kariya ce, amma ga yadda abin ya kasance a gona: manomi na kallon giginyar da ke tsakiyar gonarsa, ba shi da ikon taɓa ta, sai wata rana wani ɗan kasuwa ya zo daga birni da takardar izini ya sare ta, ya loda a mota ya tafi. Na nesa ya sha inuwa ke nan a zahiri. Mutumin da ya ga haka ba shi da dalilin barin ƙaramar giginya ta girma. Da yawa sun gwammace su nome ta tun tana ganye biyu, don kada gobe ta jawo musu tara.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tilasta sake tunani. A 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da gurgusowar hamada. A ranar 2 ga Maris na 1993 aka fitar da dokar da ta aza harsashin tsarin karkara, wato Code rural, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma. A cikin shekarun 1990 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da shirin PAIGLR a yankin Gaya, da tallafin ƙasar Suwizalan da ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN. Abin da shirin ya kawo shi ne miƙa kula da dazuzzukan giginya ga kwamitocin ƙauyuka: su sa ido, su binne ƙwallaye, su tsara yadda za a fitar da itacen da ya tsufa ko ya mutu, sannan wani kaso na kuɗin ya tsaya a ƙauye. Matasan giginyun da ake gani a wasu wurare a yau sun samo asali ne daga shukar wancan lokaci da ta ayyukan da suka gabace shi.

Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004 ta amince da dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu baya ga na gwamnati. Sai kuma ƙudurin ranar 30 ga Yulin 2020, wanda ya tsara raya itatuwa a gona, ya kuma amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya da hannunsa. Har yanzu sare itace mai kariya na buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji, don haka mai hankali ya je ya tambaya kafin ya ɗaga gatari. Amma alƙiblar doka ta juya, kuma manoma da yawa ba su da labari. Tsoron da aka gada tun zamanin Turawa ya fi dokar da ta haife shi tsawon rai.

Darasin Maraɗi

Shaidar cewa mallaka ce mabuɗi tana nan cikin ƙasarmu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da ganin dashen da yake yi a jahar Maraɗi yana mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran sabara, kalgo da geza da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Tohon tsofaffin kututtura ne masu rai, da saiwoyinsu a zurfin ƙasa. Maimakon a sare duka a ƙone, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a riƙa gyara su kowace shekara. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, itacen na girma da sauri fiye da wanda aka dasa.

Wannan dabara, wadda manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani, jami'ai kuma ke kira RNA da Faransanci, ta yaɗu daga gona zuwa gona. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa an raya kimanin itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, kwamitin sa ido da mazauna suka kafa da kansu ya zama abin misali da baƙi ke zuwa gani. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da daji da ramukan zai, waɗanda mu ke kira tassa.

Idan an yi haka a ƙasar da ruwanta bai kai na Junju ba, to a tudun Karakara da Zabori, inda sabara, taramniya da kalgo ke tohowa kowace shekara, babu abin da zai hana. Kuɗin da ake buƙata shi ne na wasa adda.

Baƙin itatuwa da na gida

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar. Shekara da shekaru, abin da aka fi rabawa a wannan rana baƙin itatuwa ne: dogon yaro ko bedi daga Indiya, turare daga Ostireliya, furozofis daga nahiyar Amurka. Ba a yi haka don wauta ba. Suna girma da sauri, akuya ba ta cika damuwa da wasunsu ba, kuma bedi ya yi aiki a zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, da shingayen tare iska na kwarin Majiya. Mangwaro da zogale ma baƙi ne, kuma babu mai cewa a tumɓuke su.

Matsalar ita ce idan baƙo ya mamaye gida. Turare na zuƙar ruwa sosai, kuma ba abin da ke yi da kyau a gindinsa, don haka dasa shi a bakin fadamar da ake noman rani kasada ce. Furozofis ya kuɓuce wa masu shi a yankin tafkin Cadi, inda ya toshe filaye da ƙaya. A kogin Isa, wata ciyawar ruwa mai furen shuɗi da ta fito daga Kudancin Amurka na shaƙe hanyar jirage da kamun kifi.

Itacen gida kuwa ya yi dubban shekaru yana sabawa da farinmu da ƙasarmu, kuma kusan kowanne abinci ne ko magani. Gawo na zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, sannan ya yi kore da rani lokacin da bisashe ke neman abin ci. Ɗorawa na ba da garin ɗorawa da kalwar daddawa. Kaɗanya na ba da man kaɗe wanda kamfanonin Turai ke saye don cakulan da man shafawa. Kuka na ba da miya da kwalba da nono. Tsamiya, wadda da yawa ke zaton daga Indiya ta zo, ƴar asalin Afirka ce. Bedi inuwa yake bayarwa da itacen wuta, amma ba ya shiga tukunyar miya.

Akwai kuma waɗanda ke rayuwa a jikin itatuwan. Jemage ne ke barbarar furen kuka da na ɗorawa da dare, ƙudan zuma kuma na yi wa kaɗanya. Wata irin tsattsewa a bayan ganyen giginya take manna sheƙarta da yawu. Wanda ya ƙone jemage ko ya fesa maganin ƙwari a kan itace mai fure, kalwar baɗi ya rage.

Abin da za a iya yi a gona, a garka da tsakar gida

Giginya. A zaɓi ƴaƴan da suka nuna suka faɗo da kansu, a binne ƙwallayen da farkon damina a inda ake son su zauna, rami marar zurfi, a rufe da ƙasa. Idan aka bar taki goma tsakanin rami da rami, hekta guda za ta ɗauki kusan ɗari ba tare da ta hana noma ba. Iyakar gona da gefen hanya su ne wuraren da suka fi sauƙi. A kafa alama da sanda don kada mai huɗa ya bi ta kai. Tunda ba a san wanda zai fito namiji ko mace ba, a shuka fiye da abin da ake buƙata. Mai sana'ar muruci kuma, idan ta ware ƙwallo ɗaya cikin kowane ashirin ta mayar wa ƙasa, a cikin dubu ta shuka hamsin ke nan, ribarta kuma ba ta girgiza ba.

Kuka. Ƙwallonta na da tauri, sai an ɗan kankare bayansa ko an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana. Masu bincike a Mali sun nuna cewa ana iya shuka kuka a fage kamar alayyafo, a riƙa ba ta ruwa, a fara tsinkar ɗanyen ganye cikin ƴan watanni. Wannan na rage wa manyan kukoki aski, yana kuma hana yara hawa su faɗo. Wadda ake so ta girma, a nisanta ta da katanga da rijiya.

Ɗorawa da tsamiya. A jiƙa iri a ruwan zafi ya kwana, a shuka a leda wata uku zuwa huɗu kafin damina, a dasa idan ruwa ya zauna.

Kaɗanya. Irinta ba ya ajiyuwa, cikin ƴan kwanaki yake mutuwa, don haka ɗanye ake binne shi. Takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ƴaƴa, shi ya sa kare wadda ta fito da kanta a gona ya fi komai. A kuma riƙa cire kaucin da ke kama rassanta.

Gawo. Yakan fito da kansa inda aka zuba takin dabbobi, domin cikin akuya da saniya na tausasa irinsa. Aikin manomi shi ne ya gane shi ya bar shi.

Magarya. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar yi wa magaryar gida aure da irin Indiya mai manyan ƴaƴa, abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan tuffar Sahel. Gindin na gida ne mai jure fari, ƴaƴan kuma na kasuwa.

Gamba da ganyayen miya. A tsaga tushen gamba a dasa shi a iyakar gona cikin watan Yuli, zai tare zaizayar ƙasa, ya ba da zana da jinka da abincin bisashe. A garka kuma a bar wa yaɗiya, tafasa, gasaya da lalo gefe guda, domin ba sa buƙatar takin kanti.

A ƙasa mai tauri ta tudu, rabin wata da tassa na tara ruwa a gindin shuka. Kuma ko wane iri aka dasa, ranin farko da na biyu su ne jarrabawa: kewayen ƙaya ko na kara, da ɗan ruwa lokaci zuwa lokaci. Itace goma da aka kula da su sun fi ɗari da aka dasa ranar biki aka watse.

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Manomi zai iya binne ƙwallo, amma ba zai iya kwana a gona yana gadi ba. A nan ne hakimai, masu gari, ardo-ardo da magadan gari ke da rawar takawa. Ana buƙatar yarjejeniya a fili tsakanin manoma da makiyaya a kan ranar sakin gonaki, a kan mutunta burtali, da kuma yadda za a sassabo wa dabbobi ganye ba tare da an yi wa itace kwalkwabo ba. Makiyayi ma na da riba a ciki, tunda gawo da kalgo su ne kiwonsa na rani. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya, ya kamata a rubuta a gaban kwamitin filaye na ƙauye ko na ƙaramar hukuma wane ne mai itacen da zai raya, domin rashin wannan takarda na hana mutane da yawa, musamman mata, shuka komai mai daɗewa.

Kwamitocin ƙauyuka da aka kafa a zamanin shirye-shiryen tallafi na buƙatar su tsaya da ƙafafunsu, su riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Inda aka daina bayani, nan ake fara sara da dare. Makarantu kuma na da fili da rijiya da yara: fagen kuka ɗaya da layin giginya a bakin shinge sun isa darasi.

Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 na ƙasar da ta lalace kafin 2030, tana kuma cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Waɗannan alƙaluma a manyan taruka ake faɗarsu, amma a gona ake cika su. Ga mutumin Junju, Yelu, Bana ko Bengu, awon mai sauƙi ne: ya zagaya gonarsa, ya ƙirga manyan giginyu, sannan ya ƙirga ƙananan da ba su kai tsayinsa ba. Idan ƙananan ba su fi manyan yawa ba, to akwai ƙwallayen da ke jiran a binne su kafin ruwan bana ya ɗauke.